Agogon Baffa a Jikin Gwafar Rijiya

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da fuskokin wasu da muka yi shekaru muna kwana ɗaki ɗaya a makaranta. Amma akwai hutu guda, ƴan shekaru bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai, wanda ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A cikinsa ne aka ce in yanke wa wani agogon hannu hukunci, ko gaskiya yake faɗi ko ƙarya, alhali shan ruwan dabbobin wasu bayin Allah ya dogara ga abin da zai fito daga bakina.

A lokacin ina kwaleji a Tawa, ban kai shekara ashirin ba. Kunya gare ni ƙwarai. A aji, ko na san amsa, sai in sunkuyar da kai in bar wani ya faɗa. Abin da na iya shi ne zama da littafi, da maimaita lissafi har sai na gaji kafin in yarda da shi. Mahaifina ya rasu tun ina goye, wansa ne ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Shi ne kuma ya miƙa ni lakwal, wato makarantar boko, da hannunsa, a zamanin da wasu ke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu in sun ji masu ɗibar yara sun shigo gari. Ban taɓa yi masa musu ba, ko ido ban iya haɗawa da shi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne arewa da Tawa, ta wajen Barmu. Shekarar nan ruwan sama ya yi jinkiri. Na iso babban hutu na tarar ba a yi shuka ba, tabkuna duk sun bushe sun tsattsage, mutum da dabba kowa ya koma kan rijiya guda mai zurfi da ke cikin kwari bayan gari. Baffa ne mai gari ya damƙa wa kula da ita. Ban da dabbobinmu, ga wasu Buzaye da suka sauka kusa da mu da raƙumansu da shanu da awaki, suna jiran damina ta faɗi su haura arewa. Tun kakanni suke sauka nan, ana kuma raba ruwa da su, mu ja su ja. Da inuwar wata aduwa ake auna rabon. To da zafi ya tsananta, hankalin kowa ya tashi, sai kullum a yi ta gardama a kan inda inuwar ta kai, wannan ya ce ta taɓa dutse, wancan ya ce da saura.

Baffa kuwa yana da agogon hannu da ya zo da shi daga Abijan, shekarar da ya je ci-rani. Fari ne mai maɗaurin fata, hannuwansa biyu kacal, dogo da gajere. Ba shi da siririn hannun nan mai gudu wanda ke nuna maka ko agogo na tafiya, in kana son sanin yana da rai sai ka kara shi a kunne. Kowace safiya bayan salla Baffa kan murza ɗan kunnensa a hankali, ya ce yana ba shi hurarsa. Bai iya karanta shi sosai ba, amma yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Da na dawo, sai ya kai shawara gaban mai gari: a bar inuwa a koma agogo, awa biyu namu, awa biyu nasu, ga ɗan lakwal nan zai riƙa dubawa. Kowa ya gaji da faɗa, aka amince.

Dattijon Buzayen, wani dogon tsoho mai baƙin rawani wanda idanunsa kaɗai ake gani, ya kafa sharaɗi. Ya ce in lokacinsu ne, a kwantar da agogon a kan tabarma gabansa, fuskarsa na kallon sama, kada hannun kowa ya taɓa shi. Baffa ma ya kafa nasa. In lokacinmu ne ni ma ina cikin masu aiki, ko ina kora san da ke jan igiya, ko ina juye wasaki, wato babban gugan fata, cikin kwamin da dabbobi ke sha, agogo kuma ba ya shiri da ruwa. Saboda haka aka buga ƙusa a jikin gwafar rijiya, wato ƙaton itacen nan da igiya ke bi ta kansa, a nan ake rataye shi kowa yana gani. Nawa aikin shi ne in leƙa in ce lokaci ya yi.

Kwanakin farko lafiya lau aka yi. Daga baya na fara lura da cewa in rana ta faɗi akan kora wasu maruƙan Buzayen suna waiwayen kwami suna kuka, amma na ɗauka yawan dabbobinsu ne ya jawo. Ran nan da safe sai dattijon ya zo bai shimfiɗa tabarmarsa ba. Ya tsaya gaban Baffa, ya dogara sandarsa.

"Mai rijiya," in ji shi, "agogon ga naka ɗan garinku na."

Baffa ya yi dariya. "Daga Abijan yaz zo, tsoho. Ba shi da dangi nan."

"To ya yi aure nan ke nan. In lokacinku na, tahiya shikai kamar tsohuwa ta ɗauko itace. In namu na, sai shi zabura kamar an taka mai wutsiya. Jiya ma maruƙanmu sunka koma ba su sha ba."

Kafin Baffa ya ba da amsa, wani saurayi cikinsu ya nuna ni da sanda. "Ko kuwa yaron ga na ka murɗa mai kunne in ya tahi dubawa!"

Samarin garinmu suka saki igiya suka ɗauko sanduna, na ga hannun wani Buzu ya tafi kan takobinsa. Allah ya sa wani ya ruga ya kira mai gari kafin a taɓa juna. Mai gari ya saurari kowa, sa'an nan ya yanke magana. A Tawa akwai rediyo mai faɗin lokaci, a kai agogon can a gwada shi. Kafin a dawo, a ci gaba da inuwa. Ranar Juma'a da la'asar a taru bakin rijiya. In agogo ke da gaskiya, to Buzaye sun yi wa gari ƙazafi, su kwashe dabbobinsu su nemi wata rijiya. In kuwa ƙarya gare shi, sai a ji. Kowa a wurin ya san rijiyar da za ta karɓe su tana da nisa, kuma dabbar da ta rame a wannan zafin ba za ta kai ba.

Matsalar ita ce duk garin ni kaɗai na iya karanta agogo. Samarin Buzayen suka ce ai ba a aika wanda ake tuhuma ya binciki kansa. Dattijon ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina kallon ƙafafuna.

"Ku bar shi shi tahi," ya ce. "Yaron da bai iya gaskiya da ƙarhi ba, ban ga yadda za shi iya ƙarya gaban jama'a ba."

Washegari Baffa ya ɗaura mini agogon a hannu da kansa, karo na farko ke nan da ya taɓa fatata. Ya ce, "Tahi ka wanke mu, ɗana." Na bi masu jakai da ke zuwa kasuwar Tawa. Duk hanya hannuna na hagu a ɗage yake kamar mai ƙurji, ina tsoron kada ya bugi wani abu.

A Tawa gidan malaminmu na lissafi na nufa, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci. Kirista ne daga kudu, bai tafi hutu garinsu ba saboda matarsa ta haihu. Yana da babbar rediyo mai batur a kan tebur, an rufe ta da ɗan ƙyalle. Na yi masa bayani ina in'ina. Ya ce abu mai sauƙi ne: safe da tsakar rana da maraice, kafin labarai, rediyo kan yi ƴar ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, ta ƙarshen ita ce lokaci daidai. In saita agogon da ƙarar maraice, in aje shi a kan tebur, kada kowa ya taɓa, mu ga abin da zai ce gobe.

Haka na yi. Da safe na zauna gaban rediyon tun kafin a kunna ta. Ƙarar ta zo, dogon hannun agogon yana bisa sha biyu, ko kaucewa bai yi ba. Ban yarda ba tukuna, na ba shi hurarsa na mayar da shi kan tebur. Ranar Lahadi ce, Mushe ya tafi coci ya dawo, muka jira ta tsakar rana. Nan ma daidai. Mushe ya dafa kafaɗata ya ce da agogon ɗalibinsa ne da ya ba shi babbar lamba. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Baffa ya fita, ni ma na fita. Maruƙan nan sun faɗo mini a rai, amma na ce wa kaina ba ni na yanke hukunci ba, rediyo ce.

Na ɗaura agogon ina shirin bin masu jakai in kasuwa ta watse, sai matar Mushe ta roƙe ni in cika mata randuna kafin in tafi, tunda ga jariri a hannu. Na kwance agogon kamar yadda na saba gani a rijiya in za a taɓa ruwa, na rataye shi a wata ƙusa jikin ƙofa. Na gama ɗiban ruwa, ta ba ni abinci na ci, na zo ɗaukarsa. Har yau ban san abin da ya sa na kara kunnena kafin in cire shi ba. Shiru. Na riƙe numfashi na sake karawa. Shiru. Da yatsana ya taɓa maɗaurin sai na ji ya farka, cak, cak, cak, kamar babu abin da ya faru.

Na zauna a bakin ƙofar. Masu jakai suka aiko yaro ya kira ni, na ce su tafi. Da rediyo ta yi ƙarar maraice, agogon ya yi baya da abin da ya kusa rubu'in awa.

Na ce wa kaina wataƙila hurar ce ba ta ishe shi ba, ko ƙusar ce a karkace, ko zafin ƙofar ne. Duk wata hanyar kuɓuta sai da na nema. Washegari na murza shi sosai, na saita, na rataye shi cikin ɗaki a inuwa daga safe zuwa tsakar rana. Ya yi baya, har fiye da na jiya. Na saita na kwantar da shi zuwa maraice, ya yi daidai. Kashegari na juya, kwance da safe, rataye da rana, ko lokacin ne ke da laifi. Amsar ba ta sake ba. Na zauna kusa da shi kunnena a jikin bango, ina jin yadda bugunsa ke raguwa, ya fara ɗingishi, ya yi kamar zai ci gaba, sa'an nan ya ɗauke. Ya daɗe a haka. Can iska ta bugo ƙofa, bango ya ɗan girgiza, sai ga shi ya tashi.

A nan na gane komai. Gwafar rijiya takan girgiza duk lokacin da wasaki ya iso baki cike da ruwa. Agogon kan yi barci yayin da igiya ke sauka can ƙasa, jijjigar ta tashe shi, ya yi ƴar tafiya, ya sake barci. In na leƙa sai in tarar yana da rai, ba kuma siririn hannun da zai tona shi. A kan tabarmar dattijon kuwa tafiyarsa yake yi tsaf. Awa biyunsu awa biyu ce. Tamu ce ta yi kumburi.

Mushe ya yi mini bayanin dalili. Ya ce a cikin agogo akwai wata ƴar ƙaramar ƙafa, kamar ta keke, mai kai da komo a kan tsinken ƙarfe siriri kamar gashi. In agogon na kwance, a kan bakin tsinken take juyawa, ba wahala. In yana rataye, gefen tsinken ne ke goga, in kuwa mai ya bushe ƙasa ta shiga, sai ta gaji ta tsaya. Ya ce mai gyaran agogo da ke bakin kasuwa zai wanke shi cikin yini guda.

Da jin haka zuciyata ta yi tsalle. A wanke shi mana! In koma da agogo lafiyayye, a kwantar ya yi daidai, a rataye ya yi daidai, ba wanda zai ji kunya. Har na miƙe.

Mushe ya dube ni ta saman tabarau. "Gyara ba laifi ba ne," ya ce. "Amma in ka gyara shi yau, ranar Juma'a zai ba da shaida a kan kwanakin da ba shi ya yi su ba."

Ya koma kan takardunsa. Duk da haka sai da na je bakin kasuwar. Na tsaya nesa kaɗan da teburin mai gyaran, ina kallonsa da ɗan gilashinsa a ido, har ya ɗago ya ce, "Samari, gyara ne ko kallo?" Na ce kallo ne. Na juya na kama hanyar gida.

Ranar Alhamis bayan magariba na isa. Baffa na zaune a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa agogon da hannu biyu.

"To? Mi rediyo tac ce?"

"A kwance daidai yake, Baffa."

"Alhamdu lillahi! Na hwaɗa musu. Agogon Abijan!"

"Amma a rataye yana tsayawa."

Ya juya agogon a tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Wa yac ce ka rataye shi? Anka ce ka gwada shi da rediyo. Ka gwada, ya yi daidai. Abin da za ka hwaɗi gobe ke nan, ka rufe bakinka."

"Baffa, in lokacinmu ne a rataye yake."

"Ni za ka hwaɗa ma inda agogona yake?" Muryarsa ta ɗaga, ya sake sauke ta don kada a ji daga cikin gida. "Ka san abin da za su ce? Za su ce na sani. Za su ce da gangan nib buga ƙusar nan. Ni nik kai ka lakwal, yaro. Ban kai ka don ka zo ka tuɓe mini rawani gaban Buzaye ba."

Yanzu da na kai shekarunsa har na wuce, na fahimce shi. Baffa ba macuci ba ne, ko ƙwayar hatsin wani bai taɓa ci ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron a kira shi da sunan da ba nasa ba. Amma a ranar ban ga wannan ba, abin da na gani shi ne mutumin da ya riƙe ni ya ba ni umarni, kuma ban taɓa ƙin umarninsa ba.

Juma'a da la'asar gari duka ya sauko kwari. Daga inda na tsaya ina hango zangon Buzayen, matansu sun riga sun kwance wasu bukkoki, an ɗaure kaya, raƙuma na durƙushe. Ashe ba su sa rai da komai ba. Ba a daina jan ruwa ba saboda taro, sa na tafiya yana dawowa, wasaki na hawa yana sauka. Mai gari ya zauna a kan buzunsa na fata, Baffa a damansa, dattijon Buzayen a can gefe da mutanensa.

"Ɗan lakwal," in ji mai gari, "taho nan. Mi kag gani Tawa?"

Na fara magana, aka ce ba a ji. Na sake, wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ku ba shi ruwa, ko kaza ta hi shi murya!" Aka yi dariya. Na ce da iyakar ƙarfina, "Ranka shi daɗe, na kwantar da shi gaban rediyo, safe da rana da maraice. A kwance daidai yake."

Wurin ya kaure da sowa. Samarinmu suka ɗaga sanduna sama, wani ya fara yi wa Buzayen waƙar sai wata rana. Baffa ya sauke ajiyar zuciya, ya dube ni da wani irin kallo mai taushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da na ja da baya na shige cikin mutane, da shi ke nan, ba wanda zai tambaye ni komai. Sai na ga dattijon ya tattara bakin rigarsa, ya dafa sanda zai miƙe. Bai yi musu ba, bai ko dube ni ba.

"Da saura," na ce.

Ba wanda ya ji sai mai gari. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Da saura, ranka shi daɗe. A rataye yana tsayawa. In an yarda, a rataye shi yanzu, tsoho ya sa kunne."

Ban dubi Baffa ba. Na ji mai gari ya ce masa ya kawo agogon, sa'an nan aka sa mini shi a tafin hannu. Na rataye shi a ƙusar. Dattijon ya zo, ya ɗan janye rawani daga kunnensa, ya sunkuya ya kara. Muka jira.

Agogon bai tsaya ba.

Wasaki ya hau ya sauka, ya sake hawa. Dattijon na sunkuye, yana gyaɗa kai a hankali tare da bugun. Wani abokin wasana ya ɗaga murya, "Karatu ya taɓa shi! Ku mai da shi Tawa a ba shi magani!" Wani ya ce, "Nawa Buzaye sunka ba ka?" Na ce a raina shi ke nan, na tozarta Baffa, ban kuma ceci kowa ba. Gobe ba ni da gidan shiga, su ma ba su da rijiya.

Sai wasaki ya iso baki, gwafar ta girgiza, na ga agogon ya yi lilo a jikin ƙusa. Ranar masu jan ruwa sauri suke yi don su zo kallo, ba sa barin igiya ta huta, jijjigar ba ta ba shi sararin barci ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "a tsai da san. Kowa shi bar taɓa itacen."

Mai gari ya dube ni kamar zai ce wasan ya isa. Sa'an nan ya yi wa mai kora san alama. Igiya ta kwanta. Kwarin ya yi shiru, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga wasaki da numfashin dabbobi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, abin da ya kamata ya gaya mini shi ne ake wa shari'a. Na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, na koma farko.

Can sai dattijon ya daina gyaɗa kai. Ya ƙara matsawa. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, bai janye kunnensa ba.

"Ya yi kwana," ya ce.

Mai gari ya taso ya sa kunne, ya koma gefe, ya yafito Baffa. Da farko Baffa bai motsa ba. Sa'an nan ya miƙe kamar wanda ya tashi daga ciwo, ya zo ya kara kunnensa a jikin agogonsa. Ya daɗe. Na matso na bugi gwafar da tafin hannu, sai na ga ya zabura, domin abin ya farka a cikin kunnensa.

Ya juyo ya fuskanci dattijon. "Wallahi ban sani ba."

"Da ka sani," in ji tsohon, yana mai da rawaninsa, "da ba yaron ga ka aika ba."

Baffa ya cire agogon daga ƙusa, ya sa hannu ya fizge ƙusar ma ya jefar. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mun sha ruwanku. Daga gobe jan sahe naku na, har Allah shi kawo ruwan sama." Samarinmu suka fara gunaguni, mai gari ya tsawata musu, ya ce hakan za a yi, kuma daga yau agogo a kwance zai riƙa zama, lokacinmu da nasu, a kan tabarmar tsoho. Kafin magariba na hango matan Buzayen suna sake kafa bukkokin da suka kwance.

Ni dai ban samu yabo ba. Wasu a gari sun daɗe suna cewa na sayar da mu. Baffa kuwa in na gaishe shi yakan amsa, daga nan ba ƙari, haka muka yi makonni cikin gida ɗaya, kuma wannan ya fi mini duka zafi. Sai bayan ruwa ya sauka, Buzayen sun haura arewa da maruƙansu a ƙafa, muna noman farko, ya fara yi mini magana a kan gona da hatsi kamar da. Zancen rijiyar bai sake tayar da shi ba har ya bar duniya, ni ma ban tayar ba.

Abin da na koya ya bi ni cikin duk aikin da na yi a rayuwa. Ana gwada abu ne a yanayin da yake aiki, ba a yanayin da ya fi masa daɗi ba, kuma amsar da ta faranta maka rai ita ta fi bukatar ka sake duba ta. Sai kuma wanda ya fi ba ni tsoro har yau: maganar da na fara faɗa a bakin rijiyar nan gaskiya ce tsantsa, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, amma da na tsaya a kanta, ita kaɗai ta isa ta kori mutane da dabbobinsu daga bakin ruwa.